Shaida da Lamuni: Tunani a kan Alkawari Tsakanin Na'urori

Baƙon da ya sauka kasuwar Matamaye karon farko, ko da Hausa ya sha a nono, yakan yi tuntuɓe wajen lissafin kuɗi. Idan mai rake ya ce masa "ashirin", sefa 100 yake nufi, domin a ƙasar nan da dala ake ƙirge, dala kuwa sefa 5 ce. "Ɗari" sefa 500 ke nan, jika kuma sefa 1000. Tafiya kaɗan kudu, da an wuce Ɗan Barto an faɗa ƙasar Daura, "ashirin" naira 20 ce, ba ragi ba ƙari. Harshe ɗaya, kalma ɗaya, amma abin da ake ƙirgawa daban. Duk da haka ba kasafai abin kan kai ga rigima ba, saboda mai saye da mai sayarwa suna kallon juna. In baƙo ya miƙo abin da bai kai ba, sai a ce masa, "Malam, ai da dala na faɗa maka," a yi dariya, ciniki ya faɗa.

To, yaya ke nan idan masu cinikin duka biyu ba su da fuska, ba su da bakin tambaya? Wannan ita ce tambayar da zamani ya kawo mana har ƙofar gida. Duk sa'ad da wani ya aika kuɗi ta wayar salula daga Damagaram zuwa Yamai, ko ma'aikacin asibiti ya shigar da ƙididdigar wata a DHIS2, manhajar nan ta Jami'ar Oslo da ma'aikatun lafiya na ƙasashe da dama ke aiki da ita, har da Nijar, akwai wata manhaja da ke magana da wata manhaja ba tare da ɗan Adam ya sa baki ba. Ƙofar da suke magana ta cikinta ita ake kira API. Ƙofa ce mai sharuɗɗa: ka ba ni abu kaza a siffa kaza, ni kuma in mayar maka da abu kaza. Sharuɗɗan nan ana rubuta su ne a takardar bayani, wadda maƙerin manhajar da ke son shiga ƙofar zai karanta kafin ya fara aikinsa.

Matsalar dala da sefa ba ta tsaya a kasuwa ba, ta bi mu har cikin waɗannan ƙofofi. A tsarin ƙasa da ƙasa na sunayen kuɗaɗe, wato ISO 4217, naira tana da ƙananan rabe-rabe ɗari, sefa kuwa ba ta da ko ɗaya. Saboda haka kamfanin Paystack na Legas yake karɓar adadin naira da kwabo: wanda ya rubuta 10000, naira 100 ya nema. Kamfanin Stripe na Amurka, wanda ya sayi Paystack a 2020, ya sa sefa cikin kuɗaɗen da ba a rarrabawa: wanda ya rubuta 10000, jika goma ya nema cif. Yaron da ya koyi sana'a a Kano, hannunsa ya saba da ninka kowane farashi sau ɗari kafin ya aika, in ya dawo gida ya ɗauki aikin sefa bai karanta takarda ba, ko kuwa takardar ba ta faɗa ba, sai a caji mai sayen buhun gero kuɗin buhu ɗari. Na'ura ba za ta ɗaga kai ta ce da dala na faɗa maka ba.

A nan ne nake ganin al'amarin ya bar fagen fasaha ya shiga fagen ɗabi'a. Mai rubuta takardar bayani yana magana ne da mutumin da bai taɓa gani ba, ba zai gani ba, wanda kuma ba shi da halin tsayar da shi ya ce bai gane ba. Wataƙila zai karanta ta bayan shekara biyar, da tsakar dare, cikin harshen da shi ne na ukunsa. Bisa abin da ya karanta zai gina, wasu kuma su ɗora dukiyarsu a kan abin da ya gina. Takarda irin wannan alkawari ce, alkawari kuwa kaya ne. Abin da ya bambanta ta da alkawarin baka shi ne, wanda aka yi wa ba ya nan, ba shi da dangi a unguwa, ba zai kai ƙara gun sarkin kasuwa ba. Ana gane mutuncin ɗan kasuwa daga awon da ya yi wa yaron da aka aiko, wanda bai san tiya ba.

Magabatanmu sun san wannan matsala ta ciniki tsakanin baƙo da baƙo, kuma sun yi mata magani iri biyu. Na farko rubutu da shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma abin lura a cikinta shi ne wanda bashin ke kansa aka ɗora wa shifta, wato mai ɗaukar nauyi shi ke faɗin nauyin da bakinsa. Na biyu shi ne tsayawar mutum. Masanin nan Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda fataken shanu daga arewa ke sayar wa mahautan da ba su sani ba bashi, ba takarda ba sa hannu, saboda mai gida ya tsaya a tsakani. In mahauci ya ƙi biya, nauyin yana wuyan mai gida. Shaida aikinsa ya faɗi abin da ya gani. Mai lamuni kuwa aljihunsa da sunansa ya jingina. Mu riƙe wannan bambanci, domin a kansa sauran maganar za ta tsaya.

Kowa a wannan sana'a ya san cutar takardar bayani: tana tsufa kafin manhajar da take bayani. Maƙeri ya gyara aikinsa yau, ya ce gobe zai gyara takarda, goben ba ta zuwa. Wani lokaci kuma takardar daidai take, aikin ne ya kauce mata. Misali mafi tsada shi ne na kumbon Mars Climate Orbiter, wanda hukumar NASA ta harba a Disamba 1998, ya ɓace a 23 ga Satumba 1999 yana dab da shiga falakin duniyar Mars. Takardar da ta tsara yadda manhajar kamfanin Lockheed Martin za ta miƙa bayani ga ta masu tuƙin kumbon ta faɗi a fili cewa da ma'aunin mita za a yi aiki. Manhajar kuwa da ma'aunin fam na Turawan Amurka ta riƙa ba da adadi, wanda ya saɓa wa wancan da ninki 4.45. Wata tara kumbon yana tafiya, kuskuren yana taruwa kaɗan-kaɗan, har ya isa ƙasa-ƙasa, wajen kilomita 57 daga doron Mars, inda iskar duniyar ta fi ƙarfinsa. An rubuta alkawari, an saɓa shi, ba wanda ya auna aiki da takarda.

Daga irin wannan ciwo aka samu kayan aikin da ake alfahari da su yau, kuma ba zan rage musu daraja ba. A 2011 Tony Tam ya fito da Swagger, hanyar rubuta sharuɗɗan ƙofa a siffar da mutum da na'ura duk za su iya karantawa. A 2015 aka miƙa ta ga wata gamayya ƙarƙashin Linux Foundation, daga nan ta ɗauki sunan OpenAPI. Da zarar alkawari ya zama abin da na'ura ke iya karantawa, sai ƙofofi da yawa suka buɗe. Spectral tana bin takardar layi-layi tana nuna inda aka karya ƙa'idar gida. Dredd da Schemathesis suna ƙwanƙwasa ƙofar da kansu, su gwada amsar da suka samu da abin da takarda ta ce. Tun 2001 harshen Python ke ɗauke da doctest na Tim Peters, wanda ke ɗaukar misalan da aka rubuta cikin bayani ya gudanar da su, in misali ya yi ƙarya ya tona. Pact kuwa ta juya al'amarin: mai amfani da ƙofa shi ke rubuta abin da yake dogaro da shi, mai ƙofa kuma ba zai fitar da sabon gyara ba sai ya ci wannan jarrabawa. Duk waɗannan ana ɗaura su ne a hanyar da aiki ke bi, ta yadda kowane gyara, kome ƙanƙantarsa, sai ya bi ta gabansu. Muhtasibin da, mai zagaya kasuwa yana duba mudu da sikeli, yakan gaji, yakan ji kunyar surukinsa, ana iya toshe masa baki da goro. Wannan muhtasibi ba ya barci kuma ba shi da suruki.

Sai dai mu tambaya, me yake gani? Mu koma ga adadin kuɗin nan. Takarda ta ce a wannan gurbi za a sa cikakken adadi, ba guntu. Na'ura ta duba, ta ga 10000, ta ce daidai. Ko kwabo ne, ko sefa, ko dala, ba ta sani ba, domin wannan bayanin yana zaune ne a wani gurbi da aka ware don zancen mutane, inda ake rubuta jimla da harshen ɗan Adam. Spectral tana iya tilasta cewa kada a bar gurbin fanko. Ba ta iya sanin ko abin da aka cika shi da shi gaskiya ne, ko yana da amfani. Duk wanda ya daɗe yana karanta irin waɗannan takardu ya ci karo da gurbin da sunansa "adadi", bayaninsa kuma "adadin". An cika sharaɗi, fitila ta yi kore, baƙo kuwa yana nan inda yake cikin duhu. Adadin da manhajar Lockheed ta riƙa bayarwa ma adadi ne lafiyayye, da zai wuce gwajin siffa ba tare da tangarɗa ba. Kuma rahoton binciken ya nuna cewa masu tuƙin kumbon sun lura lissafi ba ya haɗuwa tun ana tafiya, amma damuwarsu ba ta bi hanyar da za a tsaya a warware ta ba. Ido ya gani, aka rasa wanda zai ce nauyin nan nawa ne.

Saboda haka nake cewa na'ura shaida ce, shaida ta gari ma, wadda ba ta ƙarya a kan abin da aka nuna mata. Amma ba ta tsayawa lamuni, domin ba ta da abin da za ta yi hasara. Haɗarin da ke tattare da shaida mai kaifi shi ne mutum ya fara jin cewa an sauke masa kaya. Da, maƙeri yakan kwana da fargabar ko ya faɗa wa baƙo duk abin da ya kamata. Yanzu yana iya nuna jerin fitilu kore ya ce ga hujjata. Masana tattalin arziki suna da wata ƙa'ida da ake jingina wa Charles Goodhart, wadda ma'anarta ita ce ma'auni yakan lalace da zarar an mai da shi abin nema. Kamfanin da ya ce dole kowane gurbi ya samu bayani zai samu bayani a kowane gurbi, kamar yadda malamin da ke biyan lada bisa yawan alluna zai samu alluna.

Akwai wani abu da ya fi wannan zurfi, shi ne takardar da na'ura ke haifarwa daga jikin manhajar kanta. Dabarar tsohuwa ce, Javadoc tana yin irinta tun 1995, amma tun daga 2022 da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka yaɗu, ana iya miƙa musu aikin maƙeri su mayar da shafuka masu daɗin karatu cikin daƙiƙa. Masu yabon wannan hanya suna cewa takarda ba za ta ƙara saɓa wa aiki ba, tun da daga aikin aka tsamo ta. Gaskiya ne, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Takardar da ba ta iya saɓa wa aiki ba ta iya ɗaure aiki. Mu ɗauka mai awo ya rataya allo yana cewa tiyarsa tana cin kaza, sa'an nan aka yi dabarar da duk lokacin da ya bubbuge gindin tiyar ta rage ci, rubutun allon ya canja da kansa. Allon nan bai taɓa yin ƙarya ba, amma wanda ya karanta shi jiya ya yi lissafin abincin gidansa a kai an cuce shi. Labari yana faɗin yadda abu yake yanzu. Alkawari yana faɗin yadda zan riƙe shi gobe ko da riƙon ya yi mini nauyi, kuma wannan niyya ce, ba a karanta ta daga jikin aiki, sai mai ita ya furta. Shi ya sa na fi karkata ga masu cewa a fara rubuta sharuɗɗa da hannun mutum, a yi gardama a kansu, a amince, kafin a ƙera kome, sa'an nan a sa na'ura ta tsare su. Mai ɗaukar nauyi ya yi shifta, shaida ta biyo baya.

Za a ce mini wannan zancen masu hali ne. Matashin da ke aiki shi kaɗai a Damagaram, ga wutar lantarki tana zuwa tana ɗaukewa, ga mai aiki yana matsa masa, ina ya ga lokacin zaman rubuta sharuɗɗa? Ashe takardar da na'ura ta haifa ba ta fi babu ba? Ta fi, nesa ba kusa ba, kuma yawancin kayan nan kyauta ne, abin da ya sa mai ƙaramin ƙarfi yau yake iya yin binciken da a da sai babban kamfani. Abin da nake nema a gare shi kaɗan ne: bayan na'ura ta gama nata, ya zauna ya rubuta jimloli ƴan kaɗan da ita ba za ta iya ba. Da wane kuɗi ake ƙirge. Me zai faru in saƙo ya tafi sau biyu saboda layi ya yanke, za a cire kuɗi sau biyu ne ko sau ɗaya. Wane abu ne ya ɗaure kansa a kai, wane ne kuma yake iya canjawa gobe. A ƙasar da hanyar sadarwa ke yankewa ba sallama, tambaya ta biyun nan ita ce ke raba mai shago da abokin cinikinsa.

Tambaya ta ukun kuwa tana da ƙaiƙayi, domin alkawari ba ya tsayawa inda takarda ta tsaya. Kowace mai awo ta san haka. Ba inda aka rubuta cewa tiya sai ta yi tsororuwa, ko cewa bayan awo sai an yi gyara, amma ranar da ta shafe bakin tiya ta hana gyara, masu saye za su ce ta tauye su, kuma mutanen kasuwa za su ba su gaskiya. Malaman fiƙihu sun daɗe da ba al'ada matsayin sharaɗi a ciniki. Hyrum Wright, lokacin yana injiniya a Google, ya lura da haka a tasu kasuwar: in masu amfani da ƙofa suka yi yawa, duk wata ɗabi'a tata da ake iya gani sai an samu wanda ya dogara da ita, ko an yi alkawarinta ko ba a yi ba. A Janairu 2023 GitHub ta canja yadda take matse wasu fayiloli; abin da ke ciki bai canja ba, amma lambar tantancewarsu ta canja, ayyukan mutane da yawa suka tsaya cik, dole ta janye gyaran. Masu harshen Go su kuwa rigakafi suka yi: da suka ga mutane za su saba da jerin da wani rumbun bayani ke fitowa da shi, alhali ba su yi alkawarinsa ba, sai suka sa jerin ya riƙa hargitsewa da gangan. Mai awo ce da ta ƙi yin gyara tun ranar farko don kada a saba. Akwai rowa a ciki, akwai kuma gaskiya, ni dai ban ga laifinta ba. Ba na'urar da za ta yanke wa mai ƙofa hukuncin wace al'ada ce ta zama haƙƙi. Tana iya ƙirga masa mutum nawa suka dogara da ita, sauran kuma shi da zuciyarsa.

Saura yadda ake warware alkawari, domin ba ƙofar da za ta dawwama. A nan ma an yi kayan aiki. Akwai tsarin lambobin fitowa da ke sanar da cewa gyaran da ke tafe zai karya abin da aka saba, akwai kuma ƙa'idar RFC 8594 ta 2019, wadda ke ba ƙofa damar liƙa ranar rufewarta a jikin kowace amsa. Amma sanarwa da adalci ba abu ɗaya ba ne. A Janairu 2023 Twitter ta toshe manhajojin waje irin su Twitterrific, wadda ke aiki tun 2007, ba tare da gargaɗi ba. A 2 ga Fabrairu kuma ta sanar cewa shiga kyauta zai ƙare bayan mako guda. Stripe kuwa ta ɗaure kowane abokin hulɗa a kan sigar ranar da ya fara aiki da ita, kuma a 2017 ta bayyana cewa tana riƙe da duk sigogin da ta fitar tun 2011. Kamfanonin biyu duka suna da ƙwararru da kayan gwaji na zamani. Ɗaya ya zaɓi ya ɗauki wahalar canji a kansa, ɗayan ya sauke ta a kan baƙi.

Wannan zaɓi yana nan tafe gare mu. Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin buɗe ƙofofin bankuna ga manhajojin waje a 2021 da 2023, BCEAO kuma ta ƙaddamar da PI-SPI a 2025, dandalin da zai haɗa bankuna da kamfanonin kuɗin salula na ƙasashe takwas masu sefa. Takardun waɗannan ƙofofi da Faransanci da Ingilishi ake rubuta su, a Dakar da Abuja da Legas. Masu karanta su ƴan kaɗan ne, amma a ƙarshen igiyar akwai mai rumfar tura kuɗi a bakin tashar Matamaye, wanda in ciniki ya maƙale lamba kawai yake gani a fuskar waya, ga tsohuwa tsaye gabansa tana jiran kuɗin da ɗanta ya aiko. Ko zai iya ce mata kuɗin sun fita ko ba su fita ba, ya danganta ne da ko wani a can nesa ya zauna ya rubuta ma'anar lambar nan, da kuma ko maƙerin da ke tsakani ya mayar da ita maganar da mai rumfa zai iya faɗa da Hausa.